Zanen littattafan yara: sana'a ce da mace za ta riƙe kanta da ita?

Gwaggon Yara, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar zane da buga littattafai a kan wata magana da ta hana mu sakat a gida kusan mako uku ke nan. 'Yar yayana, wadda take hannuna tun tana 'yar shekara shida, tana ajin ƙarshe na sakandare, kuma da lokacin cike takardar JAMB ya matso sai ta ce ita babu abin da take so ta karanta sai zane, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, domin burinta shi ne ta riƙa zana hotunan littattafan yara da na mujallu.

Ni malamar firamare ce, kuma ba zan ɓoye cewa ina bayanta ba, saboda na ga abin da hannunta yake yi. A zangon da ya wuce na roƙe ta ta zana mini tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a kan kwalaye shida domin 'yan aji biyu, sai ga yaran da ban taɓa jin muryarsu a aji ba suna rige-rigen ɗaga hannu, kowa yana so ya faɗi abin da Gizo yake ƙullawa a hoto na gaba. Amma mahaifinta ya ce zane abin sha'awa ne ba sana'a ba, gara ta nemi aikin jinya ko malanta, inda ko ba komai akwai albashi a ƙarshen wata. Ya kuma ce yana ɗar-ɗar da hukuncin zana abu mai rai. Tambayata ita ce, akwai macen da take cin abinci da wannan aiki a ƙasar nan, wa yake ba da aikin, kuma yaya ake biya? Ba na so in tsaya mata a kan abin da zan zo ina cizon yatsa daga baya.

Mai Fensir, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malama. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa sa baki ba, amma wannan tambaya ta taɓo ni, domin shekara 14 ke nan ina wannan aiki daga ɗakina. Amsar a taƙaice ita ce sana'a ce, amma irin wadda ba ta da ƙarshen wata. Akwai shekarar da na yi littattafai tara, akwai kuma wadda ban yi ko uku ba, na koma zana bajen makarantu da fostocin rigakafi.

Kafin a zo maganar kuɗi, ina so yarinyar ta fahimci cewa iya zana kyakkyawan hoto daban, iya zanen littafi daban. Littafin yara mai hotuna yawanci shafi 32 ne, kuma idan labarin na wata Ladidi ce, to dole Ladidin da ke shafi na uku ta zama ita ce a shafi na ashirin da takwas, da fuskarta da kitsonta da tsawonta, ko tana dariya, ko tana kuka, ko ta juya baya tana bin akuya da gudu. Ɗalibai da yawa suna iya zana fuska guda da za a yi ta yabawa, amma a ce su maimaita ta sau ashirin a yanayi daban-daban, nan ne ake gane wanda ya ƙware. Ni kafin in fara kowane littafi sai na cika takardu biyar ko shida da yaron labarin shi kaɗai, ta gaba da ta gefe da ta baya, har hannuna ya san shi kamar ɗan da na goya.

Abu na biyu shi ne ido, kuma a nan ne nake ganin 'yar Zariya take da jarin da ba a sayarwa a kasuwa. Yaro ba ya yafe kuskure a hoto. Idan kika zana akuya jelarta na kallon ƙasa, ɗan shekara biyar zai ce miki wannan tunkiya ce. Idan kika zana mace tana daka ta riƙe taɓarya daga can sama kamar mai riƙe da tuta, 'yan mata za su yi miki dariya. Na sha ganin littattafan Hausa da aka ba wanda bai taɓa shiga gidan Bahaushe ba ya yi musu hotuna: zaure babu, rariya babu, uwar gida ta ɗaura ɗankwali irin na wata nahiya, malam yana zaune a kan kujera maimakon buzu. Rubutun Hausa ne, amma yaron da ke karantawa ba ya ganin gidansu a ciki. Saboda haka nake shiga Birni da ɗan littafina, in zauna a zauren wata 'yar'uwata kusa da Ƙofar Doka ina zana zankwayen soraye, da yadda almajiri yake rungume allo, da yadda mai fura take karkata ƙwarya idan tana damu.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni a shekarata ta uku. Na yi wa wata makaranta littafin ladubban cin abinci, na zana yaro zaune a kan tabarma yana cin tuwo da hannun dama kamar yadda ya kamata. Mai tsara shafuka a maɗaba'ar da aka kai aikin ya ga cewa hoton zai fi zama daidai idan yaron yana kallon cikin littafi, sai kawai ya juya shi a kwamfuta, dama ta koma hagu. Aka buga kwafi dubu biyu na littafin da ke koya wa yara cin abinci da dama, ga yaro a shafi na bakwai yana kai loma da hagu. Shugabar makarantar ni ta kira, ba mai maɗaba'a ba, domin sunana ne a bango. Tun daga ranar ban sake yarda a buga aikina ba sai na ga gwajin bugu da idona na sa hannu.

Masu ba da aiki kuwa sun kasu. Akwai manyan kamfanonin littattafan makaranta, waɗanda yawancinsu suna Ibadan da Legas. Akwai shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko, irin su Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, da RANA da aka yi a Katsina da Zamfara, waɗanda suka buƙaci hotuna masu yawa. Sai dai aikin irin waɗannan shirye-shirye kamar damina yake, yana zuwa da yalwa ya kuma ɗauke. Akwai makarantun kuɗi da Islamiyyu masu buga nasu littattafan, da marubutan da ke buga littafi da kuɗin aljihunsu, waɗanda su ne suka fi yawa kuma su ne suka fi taya aiki da arha. Biyan kuɗi galibi a kan kowane hoto ne ko a dunƙule a kan littafi, sau ɗaya tak. Ban taɓa samun wanda ya ba ni wani kaso daga cinikin littafi ba.

Baba Mai Ɗab'i, Gaskiya:

'Yata Mai Fensir ta faɗi gaskiya, kuma labarin hannun hagun ya sa na yi dariya ni kaɗai, domin na yi shekara talatin da ɗoriya a bakin injin bugu tsakanin Zariya da Kaduna, na san yadda irin wannan ɓarna take faruwa. Abin da zan ƙara na mahaifin yarinyar ne. A gaya masa cewa idan akwai garin da bai kamata a raina aikin littafi ba a Arewa, to Zariya ce. A nan Hukumar Talifi ta zauna a zamanin Rupert East, wadda ta shirya gasar rubutun 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana edita. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda unguwarmu take amsa sunansa har yau, sannan NORLA, hukumar samar da littattafai ta Jihar Arewa, ta biyo baya a 1954 lokacin Yaƙi da Jahilci, sai kuma NNPC, kamfanin buga littattafai na Arewa, a 1966. Duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya riƙe Ka Koyi Karatu, kuma idan ya faɗi gaskiya zai ce hotunan ya fara dubawa kafin baƙaƙen. Waɗannan hotuna ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne suka zauna suka zana su aka biya su. Abin takaici shi ne kowa ya san sunan marubuci, amma da wuya ka sami wanda zai iya kawo maka sunan mai zane ko guda.

Shawarata ga yarinyar ita ce ta koyi yadda bugu yake tun tana makaranta, ko da a lokacin hutu ne ta riƙa zuwa wata maɗaba'a a Sabon Gari tana kallo. Launin da take gani a fuskar kwamfuta haske ne, wanda zai fito a takarda kuwa tawada ce kala huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Inda masu zanenmu suka fi shan wahala shi ne launin fata. Sai a zana yaro wankan tarwaɗa mai kyau, a buga a takarda mai arha mai shan tawada, ya fito toka-toka kamar wanda ya yi wata bai shafa mai ba, ko kuma ya yi duhun da ba a ganin hanci balle murmushi. Haka kuma ta riƙa barin rarar milimita uku a gefen hoto saboda wuƙar yanka, kada ta kuma sa fuskar mutum a tsakiyar shafuka biyu inda ɗinki zai cinye ta. Mai zanen da ta san waɗannan abubuwa, masu maɗaba'a da kansu ne za su riƙa tura mata aiki, domin ba ta jawo musu asarar takarda.

Ma'aikaciyar Laburare, Kongo:

Malama ta tambaya ko akwai macen da ta taɓa rayuwa da wannan aiki. A ƙasashen waje misalan suna da yawa, kuma zan kawo biyu, amma ba don in ce hanyarsu a buɗe take gare mu ba.

Jessie Willcox Smith 'yar Filadalfiya ce a Amurka, an haife ta a 1863 ta rasu a 1935. Da farko horon malamar 'yan rainon yara ta fara, ta ga aikin bai karɓe ta ba, ta koma zane. Ta yi aiki a sashen talla na mujallar Ladies' Home Journal, ta ƙara karatu a wurin Howard Pyle, wanda ya horar da masu zanen littattafai da dama, daga baya kuma ta zama ita ce mai zana bangon mujallar Good Housekeeping daga ƙarshen 1917 har zuwa 1933. Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne ba ta son zana yaran da aka horar su tsaya a yi musu hoto. Ta fi son 'ya'yan ƙawayenta su zo su yi ta wasansu tana kallo tana zanawa, wanda shi ne abin da Mai Fensir take yi a zauren Ƙofar Doka. Ta biyun ita ce Beatrix Potter ta Ingila, wadda kamfanoni suka ƙi karɓar labarinta na wani zomo, ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901, sannan kamfanin Frederick Warne ya karɓa ya fitar a 1902. A 1903 ta yi rajistar 'yar tsanar zomon da sunanta. Amma da yake ba a yi rajistar haƙƙin mallakar littafin a Amurka ba, sai aka yi ta buga shi a can ba ta samun ko kwabo.

Inda nake so mu yi hattara shi ne, abin da ya ɗauki nauyin Smith kasuwa ce ta mujallu masu fita kowane wata da ɗimbin kwafi, a lokacin da hoton kyamara bai riga ya ƙwace bango ba. Mu ba mu da wannan. Mujallunmu na Hausa, har da Fim da aka fara a 1999, hoton kyamara suke sawa a bango. Littattafan soyayya na Kano ma, waɗanda a farkon fitowarsu ake zana bangonsu da hannu, daga baya sun koma hotunan kyamara da haɗin kwamfuta. Don haka idan yarinyar tana mafarkin mujalla, a gaya mata tun yanzu cewa wannan ƙofar ƙarama ce. Ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ta shigo, marubuci yana iya samun hoto kyauta cikin minti ɗaya, ko da kuwa yaron da ke cikin hoton ya yi kama da ɗan wata ƙasa sanye da hular da ba a san inda aka ɗinka ta ba.

Game da makarantar kuwa, ba baƙon abu ba ne mace ta tsaya a sashen zane na Samaru. Tun kafin a kafa jami'ar a 1962, lokacin tana kwalejin fasaha da kimiyya, Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, tana koyar da zane a can daga 1955. Ɗaliban wancan zamani ne suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, kuma Okeke da Onobrakpeya duk sun yi wa littattafan marubutan Nijeriya hotuna. A yau akwai sashen zane da sassaƙa, akwai kuma sashen zayyanar masana'antu inda ake koyar da tsara abin bugawa, da zayyanar yadi, da tukwane. Ni da 'yata ce, na biyun zan nuna mata, saboda wadda ta iya tsara shafi da bango da tambarin kamfani ba za ta zauna hannu rabbana ba a watannin da babu littafi.

Malamin Islamiyya, Gyallesu:

Zan taɓa maganar hukunci kaɗan, ba a matsayin mai ba da fatawa ba. Damuwar mahaifin tana da tushe, domin hadisan da suka yi gargaɗi a kan surantawa ingantattu ne, kuma bai kamata a mayar da shi wanda bai waye ba saboda ya tambaya. Sai dai malamai sun yi bayani mai faɗi a kai. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta an bambanta tsakanin sura mai jiki wadda take da inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko tufa, kuma hadisin da ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana yana cikin Bukhari da Muslim, wanda da shi malamai da yawa suka kafa hujjar sauƙaƙawa a abin da ya shafi yara da koyarwa. Akwai kuma waɗanda suka tsananta. A makarantarmu muna amfani da littafin alwala mai hotuna, kuma na ga bambancin da yake yi wajen nuna wa yaro iyakar gwiwar hannu. Hajiya, ki roƙi yayanki ya je da kansa wurin malamin da ya amince da shi, ya kuma tafi da samfurin abin da yarinyar take zanawa, domin a yi masa bayani a kan abin da ke gabansa, ba a kan abin da ake zato ba.

Mai Fensir, Samaru:

Na gode wa Baba da Malam. Ina tare da 'yar'uwata ta laburare a kan zaɓin sashe, amma ban yarda cewa hoton na'ura ya gama da mu ba tukuna. A bara wani marubuci ya janye aiki daga hannuna ya ce ya sami hanya mai sauƙi, bayan wata biyu ya dawo da shafuka goma sha shida: yarinyar labarin ta canza fuska sau huɗu, murhun ya zama na ƙarfe mai bututu, turmin kuma ya yi kama da tukunyar fure. Gyaran ya fi sabon zane wahala, kuma na caje shi daidai da haka. Abin da na yarda da shi shi ne ƙananan ayyukan da muke rage zafi da su, irin su fosta da katin biki, suna ta sulalewa.

Labarin Potter kuma ya tuna mini abin da na manta ban faɗa ba. Kada yarinyar ta taɓa fara aiki ba tare da rubutacciyar yarjejeniya da kafin alƙalami ba. Ni rabi nake karɓa kafin in feƙe fensir. A rubuta adadin hotuna, da sau nawa za a iya dawo mata da gyara, da cewa sunanta zai fito a bango, da kuma ko an sayi hoton ne don wannan littafi kaɗai ko an saye shi ɗungurungum. Na taɓa ganin wata yarinya da na zana wa littafin lissafi ta bayyana a jikin kalandar wani kamfani da jakunkunan makaranta, ban da bakin magana, domin babu takardar da ta ce ba a yarda ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, akwai kuma hukumar da ke kula da ita, amma abu na farko da za a tambaye ki shi ne me kuka rubuta.

Malama, idan babu damuwa ki turo mini hotunan kwalayen Gizo ɗin ta saƙon sirri. Ki kuma ce mata ta zana mini yaro guda a yanayi goma: yana barci, yana gudu, yana ɗaukar ruwa, an yi masa faɗa, sauran ta zaɓa da kanta.

Gwaggon Yara, Tudun Wada:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan sallar Isha'i na karanta wa Yaya amsoshinku tun daga farko. Bai ce ya amince ba, amma da na zo wurin Ka Koyi Karatu sai ya katse ni ya fara ba mu labarin kwafin da suka yi tarayya su uku a ajinsu, kuma ya ce ranar Juma'a zai tafi da kwalayen wurin malaminsa a Birni. Sharaɗinsa guda shi ne a sa kwalejin ilimi a zaɓi na biyu, ita ma ba ta musa ba. Hajiya Mai Fensir, na tura miki hotunan. Yaron da kika ce ta zana kuwa ta kai na bakwai, ta tsaya a kan wanda aka yi wa faɗa. Tun safe take bin ƙaninta da takarda tana jiran ya yi laifi.